Yaɓen da Na Yi wa Gidan Wasu

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi magini,

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan Allah ya kai haske makwancinka. Ni ce Rakiya, daga Lyon ta ƙasar Faransa.

Yaya Sani ya samu mai sayen gidanmu na Birnin Damagaram, zai rushe ya zuba siminti. Kowa ya yarda, sa hannuna kawai ake jira. Har na ce to, in na dawo daga aiki.

Aikin kuwa, kamfaninmu na gyaran tsofaffin gine-gine ne ya tura ni Ekos, can arewa da Ingila, gidan wasu masu sarauta. Tsohuwar gidan ta tarbe mu da bokiti a hannu, don rufin yoyo yake yi. Ta zaga da ni tana nuna mini hotunan kakanninsu. Wannan ya gina soron farko saboda ɓarayin shanu. Wancan ya bi sarkin da aka ci da yaƙi, aka ƙone gidan, matarsa ta dawo da goyo ta sake yi wa gidan rufi. Yanzu ɗaki biyu tsohuwar ke amfani da su, sauran an bar wa sanyi da jemagu, amma ko da wasa ba ta zancen sayarwa.

Na tambaye ta sunayen maginan. Ta duba littafin tarihin gidan. Ko ɗaya babu a littafinsu.

Washegari aka kwaɓa farar ƙasa da tsakuwa. Ashe yaɓensu ba shafawa ake yi ba, jefawa ake yi kamar namu. Abokan aikina Faransawa suka yi ta watsa wa kansu. Na karɓa, na karya wuyan hannu yadda kake yi, ya kama daram. Sai na tuna maganarka: "Bango ba ya son lallashi." Kai da kake cewa gini ba aikin mata ba ne, amma ba ka taɓa korata daga gindin tsani ba!

Tsohuwa ta tambayi inda na koya. Shekara da shekaru ina ce wa maƙwabtana a unguwarmu ta Minguettes ubana ɗan kwangila ne, wai ni mai kunyar laka. Ranar na ɗaga kai na jero mata: Idi ɗan Mamman, ɗan Tanko, ɗan Barmo, duk magina. Mu muka gina namu, mu muka zauna ciki. Wallahi Baba, ban taɓa alfahari da kai irin na ranar ba.

Na kira Yaya Sani na ce na fasa. Har yau ba ya ɗaukar wayata, abin yana damuna, amma ba zan sa hannu ba. Na nemi hutu kafin damina. Zan yaɓe zauren duka, ban da shatin tafin hannunka da ke gefen ƙofa.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka gida a Aljanna, wanda ba ya yoyo.

'Yarka,
Rakiya maginiya