Tarin da Kika Haɗiye a Gaban Likita

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, jiya na kai autarki Rabi asibiti. Wani tabo fari-fari ya fito mata a kafaɗa, ko an tsikare shi ba ta ji. Irin naki sak.

Kin tuna ranar da aka ce miki kuturta ce? Kika ja mayafi kika rufe hannu, kika ce kada masu sayen masa su ji. Da gaskiyarki, wa zai ƙara tsayawa a tandarki kafin ya hau motar Abuja? Shi ya sa kike tsallake asibitin kusa, ki tafi har garin Gawu karɓar magani. Da ƙwayoyin suka sa fatarki ta yi duhu, kika ce wa maƙwabta zafin murhu ne.

Tarin da kike yi ma, hayaƙi kika ɗora wa laifi. A gida ya hana ki sakat, amma da kin zauna gaban likita sai ki haɗiye shi. Cewa kike yi, "Ciwo ɗaya ya isa a kai wa mutum, ba a cika masa kunne." Wannan kawaicin naki, Inna, har yau haushinsa nake ji.

Da jijiyoyin hannunki suka kumbura, aka ƙara miki ƙwayar rage kumburi. Hannu ya lafa, muka yi ta murna. Ashe tarin fuka na kwance a ƙirjinki, ita kuwa ƙwayar tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da shi. Kika rame kamar tsinke. Ko da aka gwada kakinki, ya riga ya cinye huhu. Likita ya ce da an sani tun farko, da an haɗa miki maganin biyun, don dukkansu suna warkewa. Da ma bai faɗa mini ba.

To jiya sai ga Rabi ta dafe ƙirji a gaban likita tana haɗiye tari. Ban yi kawaici ba, Inna. Na faɗa masa tana tari, tana rama, kuma haka uwarmu ta tafi. An karɓi kakinta, sai sakamako ya fito za a tsara mata magani. Har muka sauka daga keke a gida, nan Maje, hararata take yi. Ta yi ta hararata, in dai tana raye.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya bar mini Rabi.

'Yarki mai kewarki,
Balaraba