Rabin Aski

Auta ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka. Ya aiki? Mu nan sai godiyar Allah.

Likita ta gama duba babanka, kansar hanta ce. Ta zaunar da mu ta yi bayani. Wai ƙwayar ciwon hanta ce ta daɗe a jikinsa shiru, hantar ta kumbura ta lafa, ta sake kumbura, har ta cika da tabo. Sojojin jiki kuma suka gaji da yaƙin da ba ya ƙarewa, suka yi sanyi, mugun tsiro ya fito a gabansu ba su tanka ba. Ta ce duk 'yan gida a gwada mu, don in an kama ƙwayar da wuri magani yana tare ta. Yayyenka sun yi, ni ma na yi. Saura kai, sarkin kunnen ƙashi, wai tsoron abin da za a gani kake!

Babanka kuwa, wallahi ban san irin namijin da na aura ba sai yanzu. Na ce ya rufa wa kansa asiri kar masu zuwa aski wurinsa su gudu. Ina! Sai ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, ya aske rabin kai, sannan ya nuna masa idonsa da ya koma rawaya, ya ba shi labarin hanta tiryan-tiryan. Wa zai tashi da rabin aski? Wasu sun daina zuwa, da yawa sun je gwaji. Shi dai bai fasa ba. Kai kaɗai ke hana shi barci.

Don Allah ka je.

Taka,
Inna

Auta,

Ina gaishe ka, ya haƙuri? Allah ya gafarta wa babanka. Kar ka damu kanka don nisa ya hana ka isowa.

Ka tambaya ko saƙonka ya riske shi. Ya riske shi. Na faɗa masa an sami ƙwayar a jininka, amma hantarka ƙalau take, har ka fara magani. Ni ina kuka, shi yana murmushi. Ya sa na maimaita masa, ya nemi shayi ya shanye tas, mutumin da ruwa ma sai da lallashi. Ya juya ya yi barcinsa mai daɗi, a cikin barcin nan ne Allah ya ɗauke shi.

Ka sha maganinka kullum. In ka yi wasa, ni da kaina zan zo in ɗura maka.

Ka gaida maiɗakinka, ita ma ta je a gwada ta.

Taka,
Inna