Tsagen Gidanmu a Bakin Kwara

Daga Lakwaja, zuwa ga Bappa Hammadu a Kakangi.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna Hassana da ciwon ƙafarta? Yaya shanu?

Ni ce Kadijatu, 'yar ƙanenka, wadda ka nuna wa mahara maɓoyarta a daji don su bar maka garkenka. Ban mutu ba. Limaman Katolika ne suka fanshe ni a kasuwa. Lafiyata ƙalau, sai bayana da bai gama warkewa ba.

Kowace safiya mu matan coci mukan bi bakin kogin Kwara da kunu, muna kwaso bayin da fatake suka yar saboda ciwo. Mu wanke su, mu ciyar da su, wanda ya cika mu binne shi.

Ran Laraba na juya wani da ƙudaje suka rufe, sai na ga tsagen gidanmu a kumatunsa. Ɗanka ne, Bakoji. Ashe maharan sun komo. Kwana biyu yana tambayata ko kana tafe ka fanshe shi. Na ce kana hanya. Da hannuna na rufe idanunsa.

In mai kawo wasiƙar zai juyo, a ba shi zanen uwata.

Allah ya yi wa shanun albarka, Bappa. Sun yi tsada.