Tudun da Ake Kira da Sunan Auta

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ciwon bayan nan da kika ce yana hana ki sunkuyawa? Allah Ya sawwaƙe, Ya sa kaffara ne, kuma don Allah ki rage ɗaukar jikoki a baya, sun yi nauyi. Mu nan kowa lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta da faɗanta, sai dai kunne ya ƙara nauyi, in za ka yi mata magana sai ka ɗaga murya kamar mai kiran fasinja a tasha. Uwar yara tana fama da mu yadda ta saba, babbar 'yata ta fara koyon aikin jinya, yanzu ko atishawa na yi sai ta auna ni. Gwaggo ma da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu ba ta takuwa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a aljihuna. Dalili shi ne in na kira ki ba kya bari in kai ƙarshen zance, sai ki fashe da dariya ki ce har yanzu ban girma ba. Takarda kuwa ba a katse ta. Don haka ki sami wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, in ya so ki yi dariyar daga baya. Maganar a kan Auta ce, kuma tun yanzu ina gaya miki ƙyashinsa nake yi. Na faɗa da bakina, ba sai kin faɗa mini ba.

Kin san titin da ya raba gidanmu da na Gwaggo. Tun da aka zuba masa kwalta ya zama abin tsoro. Direbobin da ke saukowa daga wajen tankin ruwa cire giya suke yi su bar mota ta gangaro da kanta don tsimin mai, kafin su iso kwanar makaranta sun zama kamar an harbo su. Ni na san haka domin a kan sitiyari na tsufa, da jin ƙarar mota na san ko tana cikin giya ko an sake ta. Kina tune da ranar da wani mai babur ya fizge sandar Inna a tsakiyar titin, ta dawo gida ta ce ita da tsallaka shi har abada. Gwaggo kuma ba ta iya fitowa. Tsofaffin nan biyu da ba sa wuni ba su ga juna ba suka koma ɗaga wa juna hannu, wannan daga ƙofar gida, waccan daga taga. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Tun daga ranar nake cewa maganin titin nan tudun rage gudu ne, a sa shi kafin kwana inda direba zai hango shi tun daga sama. Na faɗa a gida, na faɗa a teburin mai shayi, ke ma na faɗa miki a waya har kika ce in taƙaita kuɗin wayarki zai ƙare. Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan shaidarki take.

To, a watan jiya majalisar unguwa ta kira taro kan matsalar titi, aka ce Sufeton 'yan sandan yankinmu da kansa zai zo. Kin san inda muke zama, ajin nan na makarantar firamare, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Shugabanmu tsohon hedimasta ne, kuma har yau kallon 'yan aji yake yi mana. Yana da dokoki biyu da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ta farko, masu ƙananan shekaru ke fara magana, manya su zo daga baya, don kada yaro ya ji nauyin saɓa wa babba ya haɗiye abin da ke cikinsa. Ta biyu, abin da wani ya riga ya faɗa ba a maimaita shi, sai dai ka ce ka goyi baya ka zauna. Ni da kaina na sha yabon wannan tsari, har ina cewa Hedimasta ya san aiki.

Ana gobe taro na je shagon Auta karɓar rigar da na ba shi ɗinki musamman don in tsaya da ita gaban Sufeto. Kamar kullum bai gama ba. Na zauna a kan buhun ƙyallayen nan nasa ina jira, da zaman ya yi tsawo sai na ce bari in gwada jawabina a kansa. Na yi masa shi tun daga farko har ƙarshe, da maganar cire giya, da maganar kwana, har da inda zan ɗaga hannu in nuna yadda gangarar take. Shi kuwa allura a baki, ƙafa a kan keke, to, to kawai yake cewa. Ni na ɗauka ƙarar keken ma ba ta bar shi ya ji ba.

Ranar taro aka fara da samari, kowa da kukansa. Wannan ya ce manyan motoci na toshe bakin kasuwa, wancan ya ce masu babur na bi ta cikin lungu da gudu, wani ya kawo maganar fitilar titi da ta mutu, wani kuma ya nemi a ƙara sintiri. Sufeto sai duba agogo yake yi yana hamma a ɓoye. Ni ina can baya cikin manya, cikin sabuwar riga, ina murmushi, ina cewa a raina ku gama wasanku magana na zuwa. Sai layi ya zo kan Auta. Yaya, yaron nan ya miƙe ya yi mini shigar sauri. Jawabina ya zazzage tas, bai bar mini ko ƙura ba. Auta, wanda ko keke bai iya ba in ba keken ɗinki ba, shi ne yake yi wa Sufeto bayanin cire giya a gangara! Har hannun ya ɗaga, a daidai inda na ce zan ɗaga. Sufeto ya gyara zama, ya ce tun da ya zo sai yanzu ya ji magana, aka ɗauki tafi. Da aka zo kaina na miƙe na fara, ban kai ko'ina ba Hedimasta ya ƙwanƙwasa tebur da biro ya ce an riga an faɗa. Na ce na goyi baya, na zauna. Rigar da na ɗinka don jawabi, abin da ta samu ke nan.

Da muka fito na tare shi a bakin aji. Ya ce in yi haƙuri, ya ga Sufeto na shirin tashi ne, ya ji tsoron kada a rufe taro layi bai zo kan manya ba, maganar Inna ta bi ruwa. Ya kuma ce ai ya fara da cewa abin da muke tattaunawa a gida ne. Wataƙila ya faɗa, ni dai kunnena bai ji ba, kuma gida ai ba sunana ba ne. Ko da gaskiyarsa, wannan bai rage mini zafi ba, domin a wannan zaman aka naɗa shi wakilin majalisa kan harkar titi da 'yan sanda. Yanzu in kin gan shi ba za ki gane shi ba. Ya ɗinka wa kansa falmaran mai ƙyalli, ya rataya usur a wuya, da safe yana tsayar da motoci 'yan makaranta su wuce. Motar 'yan sanda na tsayawa a ƙofar shagonsa, a gidan gaba ake ɗaukarsa. Ni da na ɗauki rabin garin nan a mota, na kai matansu asibiti, na kwaso amarensu, rannan Sufeto ya miƙo mini hannu ya ce a'a, yayan Tela ne. Sunan da na koma ke nan a unguwar da aka haife ni.

Da hukuma ta amince da yin tudun aka turo ma'aikata, na rantse ba zan leƙa ba. Na zauna a ɗaki na ce wa uwar yara kaina ke ciwo, ta ce ta san irin ciwon. Amma taga ba ta bar ni ba. Ina leƙawa na ga sun ja layinsu a bayan kwana, inda direba ba zai ga tudu ba sai ya hau shi, in babbar mota ce da kaya sai dai a kwashe ta a cikin shagon mai magani. Auta na tsaye a kansu da falmaran ɗinsa yana gyaɗa kai. Ban san lokacin da na fito ba hula ba. Na ja shugaban ma'aikatan har sama, na sa shi ya tsuguna daidai tsayin kujerar direba ya duba da idonsa, sannan ya yarda aka goge layin aka mai da shi inda ya dace. Wuni na yi a rana tare da su har aka shafa fenti. Auta ya yi mini godiya a gaban mutane, ban ce bai yi ba. Amma ki tambayi kowane mai babur yau, zai ce miki a tudun Tela zai sauke ki.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni sukuni Inna ce. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ba shi labarin yadda autanta ya tsaya gaban hukuma saboda ita. Na daure na daure, rannan na zauna kusa da kunnenta mai ji na ce Inna, maganar tudun nan fa tawa ce. Ta dube ni ta ce tun Auta na goye nake ƙyashinsa, har nono na so in koma sha, yanzu ga furfura ban daina ba. Na je na taso shi daga shago na ce ya faɗa mata da bakinsa. Ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Kin san abin da ta ce? Ta shafa kansa ta ce in dubi ladabi irin na yaron nan, ya yi aiki kuma yana ba yayansa don kada ransa ya ɓaci. Na shigo da shi ya wanke ni, sai ga shi ya fita da ƙarin albarka.

Shekaranjiya da hantsi ta ce a ɗauko mata mayafi da sanda, za ta je wurin Gwaggo. Auta ya zo da usur ɗinsa zai rako ta, ta ce a'a, ya je ya yi aikinsa, Direba ne zai tsallakar da ita, shi ya san halin mota. Wallahi Yaya sai da na ji kaina ya yi girma. Ta kama hannuna da ƙarfi, farcenta har yana shiga fatata, muka sauka kan kwalta a hankali. Wata babbar mota ta taho daga sama, na ji direban ya mai da giya tun daga tankin ruwa, ya zo ya tsaya cak ya jira mu. Gwaggo na taga tana kuka tana dariya. A tsakiyar titin Inna ta tsaya, ta dubi tudun, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce Allah Ya yi wa Auta albarka, Ya ba shi masu yi masa yadda ya yi mata. Na ce amin. Hannuna take riƙe da shi, sunansa take kira.

Don haka ga abin da nake roƙonki. Kujerar majalisa a bar masa, falmaran da usur da gidan gaba duk Allah Ya sanya alheri, ba na so, ko in ce ina so amma zan haƙura. Masu babur ma su ci gaba da kiran tudun yadda suka ga dama. Inna kawai nake so ta sani. Ke kaɗai ce in kika faɗi magana ba ta musu. Ki kira ta, ki ɗaga murya sosai, ki ce mata tun ranar da sandarta ta faɗi kika ji wannan magana a bakina. Kada ki ce ni na sa ki, kuma don girman Allah kada ki yi dariya a tsakiya, in kika yi kin ɓata mini komai. Ba sai ta janye wa Auta albarkarsa ba, in ta ɗan raga mini kaɗan ta ishe ni. Inna ta tsufa, Yaya, ba na so mu rabu tana ganin abin da na yi mata a titin nan riƙon hannu ne kawai.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina tambayar hawan jininsa. Ki gai da babban ɗanki da matarsa, da takwarar Inna, da 'yan biyu masu hana ki barci. Inna tana gaishe ki, ta ce kin yi wuyar ji. Gwaggo ta ce in gaya miki sun wuni suna hira har muryarta ta dushe. Uwar yara da yara duk suna miƙa gaisuwa. Auta ma ya ce in gaishe ki, ga shi na rubuta a sunansa, ban ce tawa ba ce.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ina nan kusa da Inna ina jiran wayarta ta yi ƙara.

Ni ne ƙanenki,
Direba, wanda ya fara faɗa