Bindigogin Katako a Ranar Kirsimeti

Malama Helen Bitrus,
Shugabar Makarantar Lahadi ta Yara (wadda aka dakatar),
Ikklisiyar Makiyayi Mai Kyau,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.
10 ga Maris, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Rabaran, Shugaban Majalisar Gunduma,
Ikklisiyar Makiyayi Mai Kyau,
Gusau.

Baba Rabaran, ranka ya daɗe,

GAME DA: FIRGITA YARAN MAKARANTAR LAHADI A WASAN KIRSIMETI, DA SHIRIN MAIMAITA HAKA A BIKIN ISTA

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama da yara da dukan masu hidima a ƙarƙashinka. Ina gajiyar aiki, ina ɗawainiyar jama'a? Allah ya ƙara ƙarfi. Na so a ce maganar nan ta ƙare a cikin gida, amma na bi Fasto, na bi majalisar dattawa, ba wanda ya ba ni amsa, shi ya sa na kawo kukana gabanka.

1. Kamar yadda ka sani, al'adar ikklisiyarmu ce yara su yi wasan haihuwar Almasihu a sujadar safiyar Kirsimeti. A ƙarshen wasan matasa kan shigo a matsayin sojojin Hirudus masu neman jarirai, su yi ihu, su bi tsakanin bencina, jama'a su yi ta dariya. A shekarun baya ban taɓa ganin aibin haka ba, domin yaranmu na lokacin a labari kawai suke jin mai bindiga. Yanzu ajina ya canza. Akwai 'ya'yan malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da kanikawa waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Maradun da Bakura saboda 'yan bindiga. Cikinsu akwai Rifkatu, 'yar shekara bakwai, ɗiyar marigayi Samson, ma'aikacin lafiya a wani ƙauye kusa da Damaga. A gabanta aka harbe shi. Lokacin da uwarta Hannatu ta kawo mini ita, ko sunanta ba ta faɗi. Sai da muka yi wata da watanni kafin ta fara buɗe baki tana waƙa tare da sauran yara, kuma a wasan Kirsimetin da ya wuce ita na ba matsayin mala'ika.

2. A ranar Lahadi 8 ga Disamba, 2024, na tsaya gaban majalisar dattawa na roƙa a cire shigowar sojoji, mai ba da labari ya karanta wurin da baki kawai. Dattijo Ayuba ya ce ba a rage Maganar Allah saboda tsoron mata, kuma tun kafin a haife ni ake wannan wasan. Duk da haka Fasto ya yanke hukunci a gaban kowa cewa bana ba sojoji. Na koma na tara yarana na yi musu alkawari da bakina cewa ba wanda zai shigo. Na kama hannun Rifkatu na maimaita mata ita kaɗai.

3. A ranar Laraba 25 ga Disamba, yara suna gaban bagade suna waƙar rufewa, sai muka ji ƙarar babura a ƙofar majami'a. Shugaban matasa, Irmiya, da abokansa suka faɗo ciki da baƙaƙen kaya, sun naɗe fuskokinsu da rawani, suna riƙe da bindigogin katako da aka shafa wa baƙin fenti, na baya kuma suna fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar harbin bindiga, a bakin ƙofa. Daga baya Irmiya ya ce sun so ne abin ya yi kama da gaske. To, ya yi. Ban san inda suka karanta cewa sojojin Hirudus sun hau babur ba, amma yarana sun san su wa ke hawan babur su rufe fuska. Ba yaron da ya yi kuka da farko, ranka ya daɗe, wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Shiru suka yi, suka kwanta rub da ciki, suka rarrafa ƙarƙashin benci, babba ya toshe wa ƙarami baki, yadda iyayensu suka koya musu a ƙauye. Su kuwa manya dariya suke yi, wasu har da tafi, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka.

4. Da hayaniya ta lafa na jawo yara ɗaya bayan ɗaya, ban ga Rifkatu ba. Ina ihu a tsayar da sujada, aka ce in yi haƙuri a gama sanarwa. Ni da Hannatu muka fita cikin rana muna bin lungu muna kiran sunanta. Maƙwabciyarmu Musulma, Inna Taibatu, ita ta turo aka kira mu. Ta sami Rifkatu a ɗakin girkinta, ta cusa kanta bayan randa, da fukafukan kwalin da na ɗaura mata a baya, ta jiƙa tufafinta da fitsari. Inna Taibatu ta ce ita ma da ta ji ƙarar ta zaci an shigo gari ne, har ta kulle jikokinta a ɗaka. Da ta ji yadda abin yake, ta tambaye ni ko haka muke wa marayu a wurin ibadarmu. Na fi shekara goma ina zaune lafiya da matar nan, ban taɓa jin kunya a gabanta ba sai ranar.

5. A ranar Lahadi 12 ga Janairu, 2025, aka karanta a gaban ikklisiya cewa an dakatar da ni saboda sakaci, wai yarinya ta ɓace a hannuna. Ba a kira Irmiya ba, ba a tambaye shi ko wa ya ba shi izini ba. Ina ganin ya dace in sanar da Mai Girma cewa Irmiya ɗan Dattijo Ayuba ne, kuma Dattijo Ayuba ne ya jagoranci zaman da aka hukunta ni. Fasto, wanda ya yanke hukuncin farko da bakinsa, ya sunkuyar da kai kawai. Hoton bidiyon kuwa yana nan yana yawo a wayoyin 'yan ikklisiya, ana aika wa juna ana dariyar yadda yara suka iya ɓuya.

6. Tun daga ranar Rifkatu ta koma shirunta. Ba ta bin layin majami'a, ko aike ne. Wasu iyayen sun daina turo 'ya'yansu, suna cewa gara su zauna a gida. Ban ga laifinsu ba. Ni na yi wa yaran nan alkawari, kuma a idonsu ni ce na yi ƙarya.

7. Abin da ya hana ni ci gaba da yin shiru shi ne, matasan nan sun fara gwajin wasan Ista a harabar majami'a, inda za a nuna kama Ubangiji a lambu. Na gani da idona, bindigogin nan ne aka sake fitowa da su, kuma Irmiya yana faɗa wa mutane cewa na Ista zai fi na Kirsimeti armashi. Wadda aka ɗora a kan ajin yara bayana yarinya ce mai kirki, amma ba za ta iya ɗaga ido ta dubi dattijo ba, balle ta ce masa a'a.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a rubuce, kafin ranar Jumma'a 18 ga Afrilu, cewa kada a sake shiga majami'armu da bindigar wasa ko nokawut ko rufaffiyar fuska. Ina roƙon a sa Irmiya da abokansa su je gidan Hannatu da fuskokinsu a buɗe su ba ta haƙuri, a kuma hana yaɗa bidiyon. Maganar dakatar da ni na bar ta a hannunka. Idan an ga ban dace ba, a ba wata, ba zan yi jayayya ba, ba don kujera na riƙe ajin nan ba.

Jiya bayan sujada na biya gidan Hannatu. Ina shirin tashi Rifkatu ta riƙe mini gefen zane, ta yi magana a karo na farko tun Kirsimeti. Tambayata ta yi ko mutanen nan za su sake zuwa coci. Ban amsa mata ba, ranka ya daɗe, domin ba zan sake yi mata alkawarin da wani zai karya ba. Na ce mata zan tambayi Baba Rabaran. Ga shi na tambaya, kuma abin da ka ce shi zan kai mata.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka hikimar kiwon garkensa. Ka huta lafiya.

'Yarka cikin Ubangiji,

Malama Helen Bitrus