Makullin Saba Ba Na Kowa Ba Ne

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taka? Ya Inna da su Auta? Ni lafiya lau, kada surutun Yaya ya tayar muku da hankali. Ba a kore ni ba. Teburina kawai aka mayar ɗakin saba, inda sanyi ke ratsa ƙashi. A aiko mini da rigar sanyina.

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da takardun kamfani. Rukunin injiniyoyi kaɗai na ba ikon admin, wato cikakken iko, a kanta, mu huɗu. Manaja ya so saka wata manhaja, ta hana shi. Wai sai in ba rukunin duk ma'aikata ikon, mutum ɗari biyu, kowa ya goge abin da ya ga dama. Na ce ba da hannuna ba. Shekara talatin kana tsaron sito, ka taɓa yanka wa kowa makulli?

Manaja ya buga tebur. Na ce ya rubuto umarnin, ya sa hannu, in yi nan take.

Ku sa ni a addu'a. Shi ma ku sa shi, Baba. Yau kwana tara bai samu biro ba.

'Yarka mai taurin kai.