Bashi Huɗu Na Biya, Kun Ce Ba Ku San Ni Ba

Zuwa ga Mai Girma Darektan asusun lamuni na Magariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ne Isuhu mai injin niƙa a Dogo-Dogo, wanda aka sallama daga bironku, wato ofishinku, ranar Litinin da ta wuce, bayan na wuni a kan benci.

Na farko. Shekara tara ke nan da na fara zuwa neman rance. Lokacin ba ni da katin ɗan ƙasa, domin ba a yi mini takardar haihuwa ba. Ma'aikacinku ne da bakinsa ya ce in kawo katin yayana Habu, ai duk ɗaya ne. Yaya Habu ya dangwala yatsa, ni na ɗauki kuɗin, ni na biya. Sau huɗu muka yi haka. In da bashi a kaina, kowane ƙarshen wata ina hawa moto in kawo muku, ko dala ban taɓa ragewa ba. Rasit arba'in da ɗaya suna cikin ledata.

Na biyu. Yaya Habu ya rasu bara. Bana injina ya mutu, ga kaka ta ƙarato. Na zo da katina sabo ina neman rancen jika ɗari uku, wato sefa dubu ɗari uku. Yarinyar da ke kan ordinatar, wato kwamfuta, ta danna, ta ce sunana bai fito ba, wai ba ni da tarihin biya, sai dai in fara da jika ashirin kamar kowane baƙo. Jika ashirin, Ranka ya daɗe? Ko dutsen niƙa ba su saya.

Na zazzage mata rasit a tebur. Ta ce na mamaci ne. Mai karɓar kuɗinku, wanda ya shekara tara yana ƙirga su daga hannuna, yana zaune a gefe, ya duƙar da kai.

Na uku. Ba ni kaɗai ba ne. Garinmu cike yake da masu biya da katin miji ko na wa, bisa shawararku. Ribar kun ci, sunan kun bar wa wani.

Ba alfarma nake roƙo ba. Ku kira ma'aikacin nan mai karɓar kuɗi da maigarinmu su shaida, ku mayar da biyana kan sunana kafin a yanke hatsi. Yanzu haka matan unguwarmu sun koma turmi, 'ya'yana shida kuma suna kallona.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci. In kun ƙi, na bar ku da Shi.

Wassalam.

Isuhu mai niƙa, Dogo-Dogo